Hannun da Ya Yi Mini Wankan Jego

Yanzu mace sai ta haihu a unguwa maƙwabta ba su sani ba. A ɗauke ta a mota ko a bayan acaɓa a kai ta asibiti, washegari ta dawo da jariri cikin tawul, a zuba mata ruwa a roba, ta shige banɗaki ta ja ƙofa. Babu hayaƙi, babu tsibin itace a ƙofar gida, babu ƙarar ganye a bayan mace da sassafe, fat, fat, fat, wadda in ka jiyo ta daga hanya ka san an sami ƙaruwa, ka ratse ka yi barka. Likitoci sun ce ruwan zafin nan da kunun kanwa suna taɓa zuciya. Ban yi musu da su ba, su suka yi karatu, kuma na ga matan da suka kumbura cikin jego muna cewa sanyi ne ya shige su. Amma da aka kashe wutar, an kashe wani abu tare da ita. A zamaninmu wankan jego ne yake nuna ko mace tana da uwa. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, miji ya kawo itace ya jibge, uwa ta dafa ruwa a ƙatuwar tukunya safe da yamma, ta tsoma ganyen tsamiya ta yi ta fyaɗa wa 'yarta har jiki ya koma yadda yake. Wadda ba ta da uwa, sai a nemo mata wata a biya ta da dawa, kuma kowa ya san bambancin hannun da aka biya da wanda ba a biya ba.

Mu ba mutanen cikin gari ba ne. Gidajenmu a warwatse suke cikin gonaki, kudu da Kiru in ka nufi Tudun Wada, kowane gida da rumbunansa da dangarsa da wurin da ake zuba giya a yanka kaza idan damina ta kawo kai. Mutanen gari suna ce mana Maguzawa. Mu sayar musu da dawa da gyaɗa, su sayar mana da gishiri da kanwa, ranar suna kuwa wanzaminsu ne yake zuwa. Abin da na fara sani a duniya shi ne ƙarar dutsen niƙan Inna kafin gari ya waye, da muryarta tana bin dutsen. Ni ce autarta. Yayyena duk mata ne, sun yi aure can wajen Doguwa tun ban yi wayo ba.

Ban kai ɗaukar tulu ba tabo ya fito wa Inna a kafaɗa, mai haske, ba ƙaiƙayi ba zafi. Aka jiƙa saiwa, aka yanka ɗan akuya, tabon ya ƙaru. Da girarta ta fara zubewa, dattawan gidajen da ke kewaye suka zauna suka faɗi sunan abin: kuturta. Baba da kansa ya sari kara ya kafa mata bukka a bayan danga, daga waje. Ni nake kai mata tuwo, in ajiye a kan wani dutse in juyo. Haka muka yi damina da rani, har yatsunta suka fara lanƙwashewa. Sai labari ya zo cewa 'yan mishan suna da wani wuri a wajen Kano inda suke tara kutare suna ba su magani, aka nemo jaki aka ɗora ta. Ina tsaye a ƙofar gida lokacin da ta waiwayo. Ba kuka ta yi ba. Ta ɗaga hannun nan da ya fara lalacewa ta nuna Baba ta ce, "Hannun da ka kafa mini bukka da shi, Allah ya sa ya ruɓe kana gani. Kowa a gidan nan sai ya ɗanɗana." Jakin ya tafi da ita tana maimaitawa.

Daga ranar gidanmu ya zama gidan da ake gaisarwa daga nesa. Babu wanda ya yarda ya ba Baba mata. Gwaggo, ƙanwarsa, ta zo ta riƙe ni har ta rasu. Baba ya koma wa giya, ba irin shan da ake yi ranar gayya ana raha ba, shan mutum shi kaɗai. Kowace safiya kafin ya ɗauki fartanya sai ya fita rana ya juya hannayensa yana dubawa, ciki da baya. Ya ɗauka ba na gani. Ni kuwa tun ina yarinya ba ni da yawan magana, kallo ne aikina. Shekaru suka tafi ba labarin Inna, mutane suka ce ta mutu, kuma a kan wannan zaton ne dangin mijina suka yarda suka nemi aurena.

Ina da cikin fari, ya fara nauyi, aka zo gidan mijina aka ce kuturwa ta dawo. Na tafi in gani da idona. Na same ta a bayan danga tana gyara tsohuwar bukkar, tana tura kara da gwiwar hannu tana jan igiya da haƙori. Hannun dama babu yatsa ko ɗaya, dungu ne kawai. Na hagu saura babban yatsa da rabin wani. Amma fatarta a bushe take, ba gyambo, ba wari. Ta ɗago ta gan ni.

"Auta. Kin zama mace. Har da kaya a gaba."

Na tsaya inda nake. Na ce, "An ce kin mutu."

"Saura kaɗan. Zauna mana, daga nan ɗin ma ya isa, ina jin ki."

"Kin zo ki ga ko bakin da kika yi ya kama?"

Sai ta yi dariya, irin dariyar da na manta tana da ita. Ta ce cutar ta tsaya, ƙwaya ake ba su, kuma an tabbatar mata ba za ta shafa wa kowa ba. Yatsun dai ba za su dawo ba, ta tambaya an faɗa mata gaskiya. Sa'an nan ta ce, "Amma ba yatsun ne suka fi ruɓewa ba, Auta. Shekarun farko a can, in na kwanta sai in jera ku ɗaya bayan ɗaya ina raba muku cutar. Ubanki hannu, gwaggonki hanci."

"Ni fa?"

"Ke ƙafa. Don kina ajiye mini tuwo ki ruga da gudu."

Ta faɗa ba tare da ta kawar da ido ba. Ta ce a can ne ta ji labarin Yesu Almasihu, cewa wani kuturu ya zo wurinsa, shi kuwa ya miƙa hannu ya taɓa shi tun bai warke ba, da ruɓarsa da komai. Ta ce wa matar da take wanke mata gyambo, wannan ai fatar mutum ya gani, da ya ga abin da ke cikina ba zai taɓa ba. Matar ta ce mata ai cikin ne ya zo ya fansa, kuma da jininsa ya biya. "Na yi ta faɗa da maganar nan," in ji Inna, "har na gaji. Ranar da na gaji na ce masa, to ga shi nan, in kana son ruɓaɓɓen abu ɗauka. Ya ɗauka. Ban dawo don a ji tausayina ba. Na dawo in janye bakina, kuma in yi miki wanka."

Magana ba ta da tsada, kuma na san mutum yakan dawo da murmushi alhali wuƙa tana cikin zane. Na sa mata ido. Duk lokacin da na zo gida ina lura da fuskarta sa'ad da Baba zai wuce gona, don a nan ne abin da ke ciki zai leƙo. Sai ta ce, "Maigida, barka da fitowa," shi kuwa ya sunkuyar da kai ya wuce. Ran nan ta tsaya a ƙofar gida, ba ta shiga ba, ta ce masa da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, "Bakin da na yi maka na janye shi. Hannunka ba zai ruɓe ba. Ka yafe mini." Baba ya cusa hannayensa cikin riga ya shige rumfa. Bai ce ta shigo ba, ita ma ba ta nema ba. Ranar Lahadi takan tafi gindin wata ɗorawa inda 'yan tsirarun masu bin Yesu suke taruwa, ta dawo tana waƙa ƙasa-ƙasa. Na yi ta jira in kama ta da ƙarya, ban kama ba.

Da watan haihuwata ya tsaya, uwar mijina ta kira ni ɗakinta. Mace ce mai tsafta da tsare gida, ban taɓa raina ta ba, kuma tsoron da take ji ba ita kaɗai take jin sa ba. Ta ce, "Ke yarinya, al'ada ce, ba zan hana ki zuwa gidanku haihuwar fari ba. Na yi magana da wata maƙwabciyarku, ita za ta yi miki wanka, na auna mata dawa. Amma buɗe kunnenki. In matar nan ta taɓa mini jika, ko da gefen zane ne, kin gama zama a gidan nan. Ranar yaye kuma mu karɓi abinmu." Na ce, "Na ji, Iya." Mijina ya kai itace ya jibge a ƙofar gidanmu, ya koma ba tare da ya dubi wajen bukkar ba.

Na haihu da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Namiji. Inna ce take hura wuta a waje ta tafasa ruwan, maƙwabciyar ta kwasa ta shigo da shi. Matar ba muguwa ba ce, amma hankalinta yana gona. Ta zo a makare, ta yarfa mini ganye sama-sama, ta ce sannu, ta fice. Jaririn kuwa Inna ba ta taɓa ganinsa ba sai ta tsakanin karan danga.

Kafin suna, wata safiya hadari ya taso daga gabas, gyaɗar matar tana shanye a gona, ba ta zo ba. Rana ta fito ta yi hantsi. Ina zaune a ɗaki, ƙafafuna sun yi nauyi, bayana kamar an ɗaure shi da igiya. A lokacin mun yarda cewa mai jegon da ta tsallake wanka sanyi zai shige ta, kuma mun binne waɗanda aka ce shi ya kashe su. Ina jin tukunya tana tafasa a waje, ina jin Inna tana ƙara ruwa, ya sake tafasa, ta sake ƙarawa. Can ta matso jikin danga ta ce, "Auta, ruwa yana ƙonewa." Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ta roƙe ni in bar ta ta shigo, wataƙila da na ƙi, don na saba ƙin mai roƙo. Shirun da ta yi ne ya sa na zauna na auna abin da kaina.

Na ce, "Inna, shigo da ruwan."

"Kin san abin da surukarki ta ce."

"Na sani. Ni ta faɗa wa."

Ta shigo da ruwan a ƙwarya, ta tallabe ta da damatsa, ta koma ta sake ɗebowa. Baba yana zaune a rumfa yana gyaran kwando. Ta gabansa take wucewa, a cikin gidan da rabonta da taka shi tun ina ƙarama, bai ɗago ba, bai kuma hana ba. Da yake ba ta da yatsun riƙe ganye, sai ta ɗaura damin a wuyan hannunta da igiyar rama, ta ja ƙullin da haƙori. Na durƙusa a bayan ɗaki. Duka na farko da ya sauka a bayana na san wannan wanka daban ne. Ba ta sauri, ba ta tsallake wuri. Tana fyaɗawa tana magana kamar da wani a tsaye kusa da ita. "Ubangiji Yesu, ga bayan 'yata, ka san nauyin da ya ɗauka. Ga ƙugunta. Ga ƙafafun da na taɓa yi wa mugun fata, ka sa su yi ƙarfi." Sa'an nan ta ajiye dungun hannunta a tsakiyar bayana ta danna, kaushinsa kamar ɓawon itace. Rabon da wani nawa ya taɓa ni haka har na manta. Na sa fuskata cikin tururi don kada ta ga idona.

Da na juyo sai na ga hannun. Ruwan yana gangarowa daga ganyen ya bi ta kan dungun, fatar ta yi bororo, wani wurin ta saluɓe ta yi ja.

"Inna, hannunki!"

Ta duba shi kamar na wani ne. Ta ce, "Af. Ai ba ya gaya mini. An ce in riƙa dubawa, na shagala."

"Bari haka, ya isa."

"Saura ƙafafu. Juya."

Haushi ya kama ni, ban san da wa nake ba. Na ce, "Yesun naki da ya iya fansa, me ya hana shi mayar miki da jin zafi?"

"Ban sani ba. In mun haɗu zan tambaye shi, ina da tambayoyi da yawa. Yau dai ya mayar mini da bayanki. Juya, ruwa yana hucewa."

Da yamma da Inna ta zo ɗaukar ganye, sai ta tarar da wata doguwar ƙota a jingine da tukunya, sabuwar sassaƙa, an yi mata maɗauri na fata daidai damtse, yadda ganyen zai shiga ruwa hannu yana nesa. Babu mai wuƙar sassaƙa a gidan sai Baba. Maƙwabciyar kuwa ta zo da la'asar tana ba da haƙuri, ta ga jiƙaƙƙiyar igiyar rama a ƙasa, ta ga wadda take tsaye a tsakar gida. Kafin rana ta faɗi labari ya kai gidan mijina.

Wanda bai san kunyar ɗan fari ba ba zai gane abin da ya faru ranar suna ba. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ranar suna kuwa tana can ƙuryar ɗaki da lulluɓi, kamar ba ita ta haifa ba. Wata ce take fito da jaririn, kakarsa ta wajen uwa ta riƙe shi a cinya, wanzami ya yi masa aski. Da safe Inna ta gama yi mini wanka ta koma bayan danga, ta ce kada ta ɓata mini taro. Wanzami ya zo daga garin Ƙofa da zabirarsa, tsoho mai barkwanci, ya shimfiɗa buzunsa yana wasa aska. Sai ga uwar mijina da matan danginsu, da ƙoren hatsi da kayan barka a kai. Ba ta sauke ba ta tsaya a tsakar gida ta ce wa Baba, "An ce kuturwa ta shigo gidan nan ta yi wanka. Uwar dai ta zaɓar wa kanta, sai mu sa mata ido mu gani. Yaron nake tambaya. An taɓa shi?"

Baba ya ce, "Ba a taɓa shi ba." Gaskiya ya faɗa. Ko sau ɗaya Inna ba ta kai hannu jikinsa ba.

"To an auna arziki. A fito da shi, ni zan riƙe."

Ƙofa ta buɗe mini ke nan. In na yi shiru, kamar yadda ake so mai jego ta yi, aurena yana nan, ɗana yana nan. Daga inda nake zaune akwai wata kafa a jikin danga, ta nan na hango Inna a tsaye a waje, hannunta naɗe da tsumma, ta karkata kai tana son ta jiyo kukansa in aska ta taɓa shi. Na tambayi kaina, in yaron nan ya girma ya ce wace ce waccan a bayan danga, me zan ce masa? Kuma wa ya fi ta tsarki a cikin duk waɗanda suke tsaye a tsakar gidan?

Na ture lulluɓi, na ɗauki ɗana na fito. Mata suka ɗauki salati da tafa hannu. "Mai jego! Ɗan fari fa! Yarinyar nan ba kunya a idonta?" Uwar mijina ta miƙo hannu biyu, na wuce ta, na fita ƙofar gida na zagaya. Inna ta gan ni ta ja da baya har ta jingina da bukka.

"Auta, koma. Ban roƙe ki ba. Abin da aka ba ni ya ishe ni."

"Na san ba ki roƙa ba. Buɗe hannu."

"Za su karɓe shi."

"In sun karɓa, su karɓi wanda kakarsa ta riƙe. Buɗe hannu, Inna, bayana yana ciwo."

Ta buɗe. Na ɗora mata shi a kan damatsa, ta haɗa shi da ƙirjinta. Ta daɗe tana kallonsa, sa'an nan ta ce masa, "Kai ne mijin nawa? Ko fartanya ba ka zo da ita ba, sai baki. Wa zai noma mini?" Na kama gefen zanenta na jawo ta har tsakar gida, na zaunar da ita a gaban buzun wanzami.

Uwar mijina ta juya wajen Baba. "Kana gani? A gidanka, a gabanka?"

Baba ya fito da hannayensa daga cikin riga ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Wanzam, rana tana yi."

Tsohon ya dubi Inna, ya dubi hannun, ya dubi askarsa. Ya ce, "Iya, an ce an sallame ki daga can?" Ta ce an sallame ta. Ya ce, "To ni kan da aka kawo mini nake aske wa, ba na tambayar cinyar wa yake kai. Tallabe mini ƙeyar angon naki da kyau, na ga rigimamme ne." Ya yi bisimilla ya sa aska. Kafin ya gama gefe ɗaya, uwar mijina ta juya da matanta da ƙorensu, ba a sauke ko ɗaya ba.

Itace ya daina zuwa daga gidan mijina. Baba ne ya ɗauki gatari ya shiga daji, kuma mai saran itace da asuba ba ya iya kwana da tulun giya. Ban ce ya daina sha ba, ya dai rage. Tukunyar wanka ta dawo cikin gida, Inna ta biyo ta. Cikin waɗannan kwanakin ne na fara amsa amin idan tana addu'a a bayana, tun ina yi a zuci har na fara yi a fili. Baftismata sai daga baya ta zo, amma a bayan ɗakin nan aka gama da ni. Yau a majami'a ina jin yara masu jini a jika suna cewa wanda ya bi Yesu ba ciwo ba rashi, komai nasa sai ya dawo cif. Kallonsu kawai nake yi. Na ga mace da Ubangiji ya fansa, yatsa ko ɗaya bai dawo mata ba, kuma har ta mutu tana ƙonewa ba ta sani ba. Abin da ya ɗauka a ruɓe bai jefar ba, ya wanke shi ya sa shi aiki. Ni wannan fansar na gani, ita nake riƙe da ita, kuma ban san ko za a karɓe mini ɗa ko za a bar mini shi ba lokacin da na kama ta.

Ana gab da gama wankan, wata rana da hantsi, mijina ya zo shi kaɗai. Ya tsaya a ƙofar gida yana kallon ƙasa, don suruki ba ya haɗa ido da uwar matarsa. Ya ce yana so ya ga yaron. Inna ce ta fito masa da shi. Ya karɓa daga hannunta, ya kai shi cikin rana, ya buɗe zanen. Ina kallo daga bakin ɗaki. Ya duba kafaɗa, ya duba baya, ya ɗaga kunne ya duba ƙarƙashi.

Inna ta ce, "Duba da kyau, ɗana. Har tsakanin yatsun ƙafa. Ni ma kullum sai na duba, na fi ka dubawa."

Ya gama, ya rufe shi, bai mayar ba. Ya yi magana yana fuskantar bango, amma da ni yake. "Iya ta ce in na dawo da ke, ba za ta ƙara cin tuwonki ba har ta mutu."

Na ce, "Sai in rage awo."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa, ya haɗiye. Na ce, "Ban gama ba. Duk haihuwar da zan yi, ba ta fari kaɗai ba, nan zan zo. Ita za ta yi mini wanka, ita za ta riƙe wa wanzami. Ranar Lahadi kuma zan bi ta gindin ɗorawa. In ba ka iya ba, faɗa mini yanzu, tun kayana suna nan."

Ya daɗe yana jijjiga yaron. Baba ya daina sassaƙar da yake yi. Can mijina ya ce, "Itacen da ya rage zai kai ku ƙarshen wankan?"

Inna ta ce ba zai kai ba.

Ya ce, "Gobe zan kawo."

Uwar mijina ta cika alkawarinta, ba ta ƙara cin tuwona ba. Ni ma na cika nawa.